Gwajin DNA ya nuna jinin Afirka a dangin matata 'yan Meziko, surukata ta ce ƙarya ne

Abu Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masana tarihin gidan nan, musamman Malam Tanimu in yana kusa. Wasunku sun san uwargidana 'yar asalin Meziko ce, daga wani ƙauye kusa da León a jihar Guanajuato iyayenta suka dawo nan Texas tun tana ƙarama. To kwanaki ita da ƙanwarta suka yi gwajin DNA ɗin nan da ake tofa yawu a 'yar kwalba a aika, sakamako ya fito, wajen rabi na 'yan ƙasa ne wato mutanen da Turawa suka tarar, sai Sifaniya da Fotugal kaso mai yawa, sai kuma kashi 7 na Afirka, an rubuta Senegal da Kamaru da Kongo har da ɗan guntun Najeriya. Ita dai murna ta yi ta yi, amma da ta nuna wa mahaifiyarta sai ran tsohuwa ya ɓaci sosai, ta ce su tun kaka da kakanni Sifaniyawa ne, kakanta ma idonsa kore ne, kuma babu baƙar fata a Meziko balle a gidansu. Har yau ba ta son a tada maganar. Ta ina jinin Afirka ya shiga can? Kuma akwai hanyar da za a bi a gano sunan mutum takamaimai, ba kaso kawai ba?

Ustaz Nura:
Wa alaikumus salam. Ni shawarata ɗan'uwa ku bar wannan magana. Gwaje-gwajen nan gidaje nawa suka tarwatsa, tsohuwa tana zaman lafiya da abin da ta gada daga iyayenta, me za a ƙaru da shi in an ɓata mata rai?

Malam Tanimu:
Wa alaikumus salam Abu Hanifa, ina nan. Kamfanin bai yi ƙarya ba, kuma surukarka ma ba ƙarya take yi ba, abin da aka koya mata ke nan a makaranta da gida. Bari in fara daga tushe. Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya sauka a gaɓar Veracruz a 1519, a 1521 birnin Tenochtitlan na Aztek ya faɗi, a kansa aka gina birnin Meziko na yanzu. Tun a wannan tafiyar akwai baƙar fata a cikin rundunar, sananne a cikinsu shi ne Juan Garrido, haifaffen Afirka ne kuma ɗa ne ba bawa ba, shi ne ma ya rubuta wa sarkin Sifaniya cewa shi ya fara shuka alkama a ƙasar. Abin da ya jawo jigilar bayi da yawa kuwa mutuwa ce. Agana ta shiga a 1520, sai wata annoba da suke kira cocoliztli a 1545 da kuma 1576, ga aikin tilas, 'yan ƙasa suka yi ta mutuwa miliyoyi. Turawa kuma suna buƙatar hannu a gonakin rake na Veracruz da ramukan azurfa na Zacatecas da Guanajuato da masaƙu da kiwon shanu da aikin gida a birane. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kimanin mutum 200,000 aka kai daga Afirka a duk zamanin mulkin Sifaniya, mafi yawansu tsakanin 1580 da 1640 lokacin da sarki ɗaya ke mulkin Sifaniya da Fotugal, don fataken bayin 'yan Fotugal ne. Na farko-farko daga yankin Senegal da Gambiya da Gini aka kwaso su, daga baya Angola da Kongo suka rinjaya. Ka ga ya yi daidai da abin da takardar uwargidanka ta nuna. Kuma ka lura da Guanajuato da na ambata, garin haƙar azurfa ne, ba abin mamaki ba ne ko kaɗan.

Maman Khalil:
Ikon Allah. To Malam ina suka tafi? Ni duk fina-finan Meziko da muka kalla a talabijin farare ne tas masu gashi har baya, in ka ga mai ɗan duhu to 'yar aiki ce.

Malam Tanimu:
Hajiya ba inda suka tafi, suna cikin jinin mutane, a takarda ne aka shafe su. Dokar lokacin ita ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, in baiwa ce shi bawa ne, in 'ya ce shi ɗa ne. Bayin da aka kawo maza sun fi yawa, matan 'yan ƙasa kuma doka ta hana a bautar da su tun 1542, to bawa in ya auri 'yar ƙasa 'ya'yansa sun kuɓuta. Wane uba ne ba zai so haka ba? Cikin 'yan ƙarnoni kaɗan 'yantattun da ake kira mulato sun fi bayi yawa nesa ba kusa ba. Sannan ga haraji, mulato 'yantacce yana biyan harajin kai, wanda aka rubuta Basifane ko mestizo, wato ruwa biyun Basifane da ɗan ƙasa, ba ya biya, ga wasu sana'o'i da muƙamai da aka hana su. Don haka duk wanda fatarsa ta ɗan yi haske kuma yana da abin hannu ko limamin coci ya san shi, sai ya yi ƙoƙari a sauya masa suna a littafi. Masu binciken nasaba suna yawan cin karo da mutum ɗaya, ranar da aka yi masa baftisma an rubuta mulato, ranar aurensa mestizo, ranar da aka binne shi español wato Basifane. Mutum ɗaya fa. Bayan samun 'yancin kai a 1821 kuma aka hana rubuta launin mutum a littattafai gaba ɗaya, niyyar mai kyau ce, a daina bambanci, amma sai ta binne sawun da ya rage. Bayan juyin juya halin 1910 gwamnati ta ɗauki aƙidar cewa ɗan Meziko ruwa biyu ne, Basifane da ɗan ƙasa, shi ke nan, ita aka zuba a littattafan firamare. Surukar Abu Hanifa a nan ta yi karatu.

Issoufou Damagaram:
Malam ka manta abu guda. Baƙar fata sun riga Turawa zuwa can. Sarkin Mali wanda Mansa Musa ya gada ya shiga teku da jiragen ruwa dubu biyu bai komo ba, kuma ku je ku dubi manyan kawunan duwatsun nan na Olmek, mutanen Meziko na dā can, hanci da leɓe namu ne sak. Me ya sa kullum sai an fara tarihinmu daga bauta?

Malam Tanimu:
Malam Issoufou na fahimci abin da ke ci maka rai, ni ma yana ci min. Amma labarin jiragen daga bakin Mansa Musa ya fito lokacin da ya ratsa Alƙahira a 1324, masanin tarihi al-Umari ya rubuta shi, kuma iyakar abin da ya ce shi ne sun tafi ba su dawo ba. Babu wanda ya ce sun isa. Su kuwa Olmek sun sassaƙa kawunan nan ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, tsakaninsu da daular Mali ya fi shekara 1,500. Kuma wannan fuskar har gobe za ka gan ta a 'yan ƙasa na Tabasco da kudancin Veracruz, jikokinsu ne. In muka ce mu muka yi, mun yi musu irin abin da Turawa suka yi wa ginin Zimbabwe da suka ce ba baƙar fata ne suka gina ba.

Issoufou Damagaram:
Rashin hujja a hannu ba ya nufin abin bai faru ba Malam. Ni dai ban gamsu ba.

Malam Tanimu:
To in abin alfahari kake nema ga wanda ke da hujja a rubuce. Gaspar Yanga, wajen 1570 ya jagoranci bayi suka gudu daga gonakin rake suka hau duwatsun Veracruz kusa da Córdoba, suka kafa gari suna noma suna tare ayarin da ke bin hanyar tashar ruwa zuwa babban birni, kusan shekara arba'in an kasa kama su. A 1609 aka tura musu runduna, lokacin ya tsufa, wani ɗan Angola mai suna Francisco de la Matosa ne ke riƙe da mayaƙa, aka ƙone garin suka ƙara nutsawa cikin duwatsu, ƙarshe dole gwamnati ta zauna da su ta amince musu da garinsu na 'yantattu, San Lorenzo de los Negros. Yau sunan garin Yanga, da mutum-mutuminsa riƙe da adda. Sannan Vicente Guerrero, jarumin yaƙin 'yanci mai jinin Afirka da na 'yan ƙasa, ya zama shugaban ƙasa a 1829 kuma a watan Satumba na shekarar ya soke bauta, shekara 36 kafin Amurka ta yi. Abu Hanifa a Texas ɗin da kake zaune, wannan sokewar tana cikin abin da ya harzuƙa Amurkawa masu bayi da suka zauna can har suka ɓalle a 1836, bayan haka bayi suka riƙa gudowa kudu suna tsallake kogin Rio Grande don su sami 'yanci. Jihar Guerrero sunansa ta ci.

Abu Hanifa:
Allahu Akbar, Malam Allah ya saka da alheri. Uwargida ta san Guerrero tun tana yarinya, hotonsa take gani ranar bikin 'yanci, amma ta ce ba wanda ya taɓa gaya mata yana da jinin Afirka.

Bashir Kumasi:
To akwai Hausawa a cikin waɗanda aka kai? Tunda an ce ɗan guntun Najeriya ya fito.

Malam Tanimu:
Malam Bashir lokacin bai yi daidai ba. Hausawa sun fi faɗawa jiragen bayi a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, zamanin yaƙe-yaƙen jihadi, kuma Bahia ta Barazil aka fi kai su, can ne sunansu ya fito a yunƙurin tawaye na 1807 da waɗanda suka biyo baya har zuwa na Musulmi na 1835. Lokacin jigila zuwa Meziko ta daɗe da ja baya. Najeriyar da kamfani ya rubuta kwatance ne da mutanen yau da ke cikin rumbunsu, ba ƙabila yake nunawa ba.

Hafsat Sevilla:
Salam. Bari in sa baki ta ɓangaren Sifaniya tunda nan nake karatu. Yaya Abu Hanifa tsohuwa tana da gaskiyarta, jinin Sifaniya yana nan kuma mai yawa ne, sai dai ba irin yadda ake zato ba, wai wani attajiri ya zo da matarsa da 'ya'yansa. Yawancin waɗanda suka tafi da farko samari ne marasa aure daga Andalus da Extremadura, shi kansa Cortés ɗan Medellín ne a Extremadura, daga baya 'yan Basque da na arewa suka bi. Shi ya sa in an bi layin uba sau da yawa Turai ake fita, in an bi layin uwa kuma 'yar ƙasa ake tararwa. Kuma ita kanta Sevilla a ƙarni na 16 cike take da baƙar fata, akwai ƙungiyar coci ta baƙaƙe da aka kafa tun ƙarshen ƙarni na 14 ana ce mata Los Negritos, har yau tana fitowa zagayen makon Ista, na gan su da idona. Wato wani jinin Afirkan ma ta Sifaniya ya bi ya shiga. In kuma kun ga Arewacin Afirka a takardar to wannan na zaman Musulmi a Andalus ne, daga 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492. Doka ta hana Musulmi da Yahudawa da sababbin tuba tafiya can Meziko, sai ka kawo shaidar tsarkin jini, amma mutane sun yi ta sulalewa, har kotun binciken aƙida aka kafa a birnin Meziko a 1571 ta ƙona wasu daga dangin Carvajal saboda Yahudanci a ɓoye. A nan Sevilla kusa da babban coci akwai gidan adana tsoffin takardu, Archivo General de Indias, takardun izinin matafiya suna ciki, suna da garin mutum da sunan iyayensa, wani har da kamanninsa, tabo a goshi ko gemu ja.

Maman Khalil:
Ni wallahi tsohuwar nan ba ta ba ni mamaki ba. Mu nan fa? Kowane gida ka tambaya daga Bagadaza suke ko Yaman ko Sharifai ne ko Fulanin Malle, ban taɓa jin wanda ya ce kakana a rinji aka haife shi ba, alhali rinji nawa ne a ƙasar Kano da Zazzau? Ina jikokinsu? Sai ranar neman aure ka ji tsofaffi suna raɗa a ɗaki an fasa ba a faɗi dalili ba.

Ustaz Nura:
Hajiya wannan maganar ba ta da amfani a nan, Musulunci ya shafe wannan, kuma tona asalin mutane ba hali ne mai kyau ba.

Maman Khalil:
Ustaz in ya shafe a zukata me ya sa ake fasa auren? Ni ban ce a tona na kowa ba, yarinyar nan nata take nema, kakanninta ne. Wanda aka kamo aka ɗaure aka tsallaka da shi teku bai yi abin kunya ba, wanda ya sayar da wanda ya saya su ne da kunya. A ce jikarsa ma ta ƙi ambatonsa, wannan zalunci na biyu ne.

Ustaz Nura:
Ban ƙi ta nema ba, sanin nasaba don sada zumunci abu ne mai kyau. Abin da na ce kar a tilasta wa uwa, haƙƙinta ya fi na kakan da ya rasu shekara ɗari uku.

Alhaji Sabo Mai Zoɓo:
Ni ba ɗan boko ba ne amma ina da alaƙa da mutanen nan ta kasuwa. Zoɓon da muke tarawa daga Maigatari da ƙauyukan Jigawa, a bushe a tankaɗe a cika kwantena, mafi yawansa Meziko yake tafiya, su jamaica suke ce masa, suna jiƙa shi da sukari da ƙanƙara kamar yadda matanmu ke yi. Wani mai saye ya taɓa gaya min su ma suna nomawa a jihar Guerrero amma ba ya isarsu. To dama bayin ne suka kai irin?

Malam Tanimu:
Alhaji ranka ya daɗe, tsiron dai na Afirka ne, hanyar da ya bi ce ake saɓani, wasu sun ce jiragen bayi, wasu sun ce jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Manila ta Filifin da Acapulco ta Meziko daga 1565 zuwa 1815. Mu ma masara da barkono da muke ci daga can suka fito. Kuma yankin da mai sayenka ya ambata shi ne inda baƙaƙen Meziko suka fi yawa a yau, Costa Chica, gaɓar teku daga kudancin Acapulco har cikin Oaxaca. Akwai garin Cuajinicuilapa mai gidan tarihi na musamman a kansu. Farkon Nuwamba lokacin bikin tunawa da matattu suna rawar da suke kira ta shaiɗanu, samari su sa abin rufe fuska mai ƙahon barewa da dogon gemu na gashin doki, suna dukan ƙasa da ƙafa a sunkuye, makaɗi ɗaya yana riƙe da muƙamuƙin jaki busasshe yana karta haƙoran da sanda suna kaɗawa, wani kuma da ƙwarya da aka rufe da fata an soke sanda a tsakiya yana murzawa tana gurnani. A Veracruz kuma har yau akwai ƙauyuka masu suna Mandinga da Matamba.

Zainab A.:
Ni akwai abin da ke damuna a irin wannan. Mutum ya tashi a matsayin fari ko ruwa biyu, bai taɓa shan wulaƙancin launi ba, sai ya ga kashi 7 a waya ya fara cewa shi ma baƙi ne. Su fa mutanen Costa Chica an sha ruwaito jami'an shige da fice suna tare su a hanya su ce ba 'yan ƙasa ba ne, sai sun rera taken ƙasa kafin a sake su, wasu har an tura su wata ƙasar da ba su taɓa gani ba. Sai a 2015 aka fara tambayarsu a ƙidaya, mutum miliyan 1.4 suka ce su ne, a 2019 aka sa su a tsarin mulki, a ƙidayar 2020 suka haura miliyan 2.5, kashi 2 cikin ɗari na ƙasar. Wannan gwagwarmayarsu ce ta shekaru, ba kwalbar yawu ce ta kawo ba.

Abu Hanifa:
Anti Zainab gaskiya kika faɗa, kuma ita ma ba ta ce ta zama baƙa ba. Abin da ta ce min shi ne 'ya'yanmu sun san sunan kakannina har na biyar saboda ana kiransu a gida, nata ɓangaren kuwa daga kakar kakarta sai duhu, tana so ko suna ɗaya ne ta samu ta faɗa musu. Tsohuwa kuma ba za mu ƙara tada mata ba, Ustaz na ji shawararka a nan.

Malam Tanimu:
To ga hanya. Da farko kar ta ɗauka kashi 7 mutum ɗaya ne. A lissafi kaka tana ba ka wajen 25, uwarta 12 da rabi, ta gaba 6 da ɗoriya, sai a zaci kakar kaka ce baƙa, amma a Meziko yawanci ba haka ba ne, ɗan kaɗan-kaɗan ne ya taru daga layuka da yawa tun shekarun 1600 da 1700. Ta fara da masu rai, ta tambayi goggonni da kawunnai sunaye da ƙauyuka da cocin da aka ɗaura aure. Sa'arta ɗaya, su suna biyu suke ɗauka, na uba sannan na uwa, mace kuma ba ta sauya nata in ta yi aure, don haka layin mata ba ya ɓata. Rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa ta fara ne daga dokar shugaban ƙasa Benito Juárez ta 1859, ƙidayar 1930 ma tana intanet gida-gida. Kafin nan sai littattafan coci, shafin FamilySearch ya ɗauki hotunan da yawansu kyauta. Takardar baftisma ta ƙarni na 19 sau da yawa tana kawo sunan iyaye da kakanni huɗu a shafi guda. In ta tsallaka 1821 ta koma baya, nan za ta fara ganin launi a gefen suna. Wanda aka kawo daga Afirka kai tsaye bozal ake rubuta masa, sunansa na gida ya tafi, sai dai ka ga Juan Angola ko María Conga ko Antón Biafara, a takardun ciniki da na rabon gado, an jera shi da farashinsa kusa da alfadarai da tukwanen dafa rake. Ta shirya zuciyarta kafin ta kai nan, ba shi da daɗin karantawa.

Hafsat Sevilla:
Ƙari a kan na Malam, coci da yawa littafi uku suke ajiyewa, na españoles wato Sifaniyawa daban, na indios wato 'yan ƙasa daban, na castas wato baƙaƙe da masu ruwa biyu daban, to in ta nemi mutum a na Sifaniyawa ba ta gan shi ba kar ta ce ya ɓata, ta buɗe na castas na shekarun nan. Kuma rubutun hannun yana da wuya da farko, suna gajarta kalmomi, mulato libre wato mulato 'yantacce sai ka ga mul. lib., hijo legítimo wato ɗan halak kuma h. l., in an rubuta padres no conocidos to ba a san iyaye ba, layin ya tsaya sai ta koma ta wani. Ta fi mai da hankali kan takardun binciken aure, información matrimonial, a nan shaidu ke faɗin garin da ango ya fito da shekarun da suka san shi. Yaya in ta samu shafin da ya gagare ta karantawa ka turo min hoton ta inbok, akwai malamarmu da ta ƙware a tsohon rubutu, ina ganinta duk ranar Talata.